Kelly Slater zai iya ƙara ɗaukar kambun duniya kuwa, ko dai an gama a na 11?

Ɗan_Autan_Teku ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu bin wasan hawan igiyar ruwa, na san ba mu da yawa amma na lura akwai waɗanda suka daɗe suna bin harkar kuma sun fi ni sanin kanta nesa ba kusa ba.

Ni ban daɗe da fara kallo ba gaskiya, a 2022 ne, kuma mutum ɗaya ne ya jawo ni, Kelly Slater. Wani dare barci ya ƙi zuwa ina ta danne-danne a waya sai na faɗa kan gasar Pipeline ta Hawayi ana nunawa kai tsaye, lokacin ko dokokin ban sani ba, kawai dai na ga wani mutum da kai ƙwal kwabo masu sharhi na ta maimaita cewa saura 'yan kwanaki ya cika shekara 50, yana karawa da wani yaro Barron Mamiya, yaron yana gaba da maki kuma saura 'yan daƙiƙu a tashi. Sai ga wata igiya ta taso, ya juya allonsa ya bi ta, ruwan ya naɗe a kansa kamar ana naɗe tabarma ya ɓace ɓat, ni har na ce shikenan ta haɗiye shi, ai kuwa sai ga shi ruwa ya tofo shi ta ɗaya bakin yana tsaye ƙyam a kan allo. Wallahi ban san lokacin da na tashi zaune ba. Haka na bi gasar har ƙarshe ya doke Seth Moniz da maki 18.77 cikin 20, kuma wai a ce mahaifin Seth ɗin, Tony Moniz, sun yi zamani tare da Slater suna karawa. Da aka zo yi masa tambayoyi kuka yake yi, maganar ma da ƙyar take fita.

Tun daga nan na shiga bin tarihinsa. An haife shi ranar 11 ga Fabrairu 1972 a Cocoa Beach ta jihar Fulorida, ya ɗau kambun duniya sau 11, na farko a 1992 yana ɗan shekara 20, na ƙarshe a 2011 yana da 39, wato a ɓangaren maza shi ne mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa ɗauka kuma shi ne mafi yawan shekaru. Manyan gasa 56 ya ci.

To abin da ya sa na kawo maganar yanzu, na ga WSL, hukumar da ke shirya gasar duniya ta wasan, ta sanar cewa daga 2026 an daina tsarin nan na mutum biyar su kara a rana ɗaya a fidda gwani, an koma tara maki na duk shekara, kuma a Pipeline za a rufe kaka har da ƙarin maki a kai. Pipeline fa gidansa ne, sau 8 ya ci a wurin. Shi ne nake ta tunani, idan ya dawo da gaske, ya ba abin shekara ɗaya cur, na 12 zai yiwu? Don Allah kar a ce min kawai ya tsufa, wannan na sani, dalili nake so.

Malam_Mai_Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi tambaya mai kyau kuma zan ba ka amsa ba kwana-kwana: ba zai ƙara ɗauka ba. Ina faɗa ne kuma raina ba ya so, don ni tun zamanin da yake gwabzawa da babban abokin hamayyarsa Andy Irons nake binsa.

Fara da abin da ke ƙasa. Mutumin nan yanzu ba ya cikin jerin 'yan wasan dindindin na babbar gasa. A 2022 aka shigo da tankaɗe da rairaya na tsakiyar kaka, inda ake rage maza zuwa 22. A 2023 ya faɗi a wannan tankaɗen, hukuma ta ba shi gurbin alfarma ya ci gaba. A Afrilun 2024 a Margaret River ta Ostareliya ya sake faɗuwa, Griffin Colapinto ne ya fitar da shi, aka ɗauko shi a kafaɗa daga bakin ruwa ana tafa masa, kowa ya gane bankwana ne ko da bai furta ba ƙarara. Daga nan sai dai a gayyace shi gasa ɗaya-ɗaya irin su Tahiti da Fiji da Pipeline. Da gasa biyu ko uku ba a tara makin kambu. Kafin ma a yi maganar ci sai ya koma ciki, ko dai a ba shi gurbin shekara guda, ko ya bi ta ƙaramar gasar neman cancanta yana kokawa da yara 'yan shekara 19 a ƙananan igiyoyi.

Amma mu ɗauka an ba shi gurbin. Ga inda gizo ke saƙar. Dubi gasannin da ya ci a ƙarshe-ƙarshen nan: Pipeline a 2013, Teahupo'o ta Tahiti a 2016, sai Pipeline a 2022. Ka ga tazarar? Shekara uku, sannan sama da biyar. Kuma duk wuri iri ɗaya ne, manyan igiyoyi masu kogo da ke fashewa a kan duwatsun murjani, inda abin da ake buƙata shi ne ido da zuciya da sanin wacce za ka bi wacce za ka bari ta wuce. A nan har gobe ba a fi shi ba. Sai dai jadawalin shekara ba duka haka yake ba, akwai wurare da yawa da za a wayi gari igiyar ko kafaɗar mutum ba ta kai ba, iska na hura ta ta ko'ina, kuma dole a yi wasa. A irin wannan rana alƙalai biyar ne, kowace igiya su ba da maki har zuwa 10, a cire mafi sama da mafi ƙasa a raba na ukun tsakiya, igiyoyinka biyu mafiya kyau kawai ake ƙirgawa cikin minti 30 ko 35. Me zai ba ka 8 a kan ruwan da ba shi da kogo? Gudu, da tashi sama da allo ka juya ka sauka daram. Wannan kuwa sana'ar 'yan Burazil ce. Daga 2014 zuwa 2025 kambun maza ko dai yana hannun ɗan Burazil ko yana hannun John John Florence ɗan Hawayi: Gabriel Medina sau 3, Adriano de Souza, Italo Ferreira, Filipe Toledo sau 2, Yago Dora, shi kuma John John sau 3. A 2020 ba a yi ba saboda korona.

Shaidar da ta fi ƙarfi ma ita ce shekarar da kai ka fara kallo. Ya buɗe 2022 da cin Pipeline, maki 10,000 a aljihu, shi ne na ɗaya a duniya yana sanye da rigar ruwan ɗorawa ta jagora, amma kafin shekara ta ƙare ko cikin biyar ɗin farko bai samu shiga ba. Rana ɗaya zai iya fin kowa. Wata tara ana yawo daga nahiya zuwa nahiya, wannan wani abu ne daban.

Maman_Hanan ta amsa:

Malam sannu da ƙoƙari, lissafinka ba ƙarya a ciki amma ni dai ban yarda a rufe littafin ba tukuna. Wasan nan ya sha ba masu lissafi kunya.

Mark Occhilupo fa? Mutumin da ya bar gasa ya koma gida ya yi ƙiba kowa ya manta da shi, ya dawo ya ɗau kambu a 1999 yana da shekara 33. Tom Curren a 1990 ba shi da gurbi ma, ta wasannin share fage yake shiga kowace gasa, a haka ya ɗau na ukunsa. Stephanie Gilmore a 2022 ana ta cewa zamaninta ya wuce, ta shiga ranar ƙarshe a Lower Trestles ta Kalifoniya, inda aka riƙa fidda gwani a tsarin mutum biyar, a matsayi na biyar, wato can ƙasan layi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya a rana guda har ta kai kan Carissa Moore da ke matsayi na ɗaya, ta ɗau kambunta na 8. Ni na kalli wannan kai tsaye, tana fitowa daga ruwa ta ɗan sha ruwa a sake kiranta, ka ga gajiya a fuskarta amma ƙafafun ba su nuna ba. Ga Jordy Smith na Afirka ta Kudu ma, yana da 37 ya ci gasa biyu a 2025, El Salvador da Margaret River, bayan shekaru bai ci komai ba.

Shi kansa Slater ai ya taɓa yi. Bayan ya ɗauka sau biyar a jere daga 1994 zuwa 1998 ya ja baya kusan shekara uku, da ya dawo Andy Irons ya tare masa hanya, aka ce an gama da shi, sai ga 2005, 2006, 2008, 2010, 2011. Kuma kar a manta a 2019 yana da 47 ya ƙare na 8 a duniya, bayan karayar ƙafar da ya samu a Jeffreys Bay ta Afirka ta Kudu a 2017 wadda mutane da yawa suka ce ita ce ƙarshensa. Sannan sabon tsarin yana taimakonsa fiye da tsohon, domin Trestles wurin yara masu tsalle ne, amma a ce an zo Pipeline a Disamba da maki 15,000 a kan tebur kuma yana kusa da na sama, wa zai so a haɗa shi da shi? Ni dai ko kashi ɗaya cikin ɗari ne ina riƙe da shi.

Malam_Mai_Lissafi ya amsa:

Hajiya duk misalan nan gaskiya ne, amma duba shekarun. Occhilupo 33, Gilmore 34, Curren ma 26 kacal yake a 1990. Jordy 37 kuma bai ɗau kambun ba. Mu kuwa muna maganar mutumin da ya ba 50 baya. Babu wanda ya taɓa ɗauka sama da 39, kuma shi ne ma mai 39 ɗin. Maganar Pipeline a Disamba kuma, ai sai ka iso da makinka kafin ƙarin ya yi maka amfani. Shi Mamiya ɗin da ya doke a daƙiƙar ƙarshe, shi ya ci Pipeline a 2024 da 2025. Gidan ma yanzu akwai masu shi.

Baba_Mai_Allo ya amsa:

Bari in sa baki, don ni na taɓa hawa allon nan da ƙafata, shekaru da dama ina yi lokacin da aiki ya zaunar da ni a bakin teku, kuma shekaruna sun kusa na Slater. Ba gwani ba ne ni, amma jiki ɗaya ne da kowa.

Ɗana mai tambaya, abin da kyamara ba ta nuna maka shi ne tsayuwa a kan igiya ita ce ƙaramin ɓangaren aikin. Kusan duk lokacin kana kwance ne rub da ciki a kan allo kana tuƙi da hannu, wuya a ɗage, baya a gantsare, kafaɗu na ta juyawa. In igiya ta zo kuma akwai wani ɗan lokaci da bai kai ƙiftawa da bismilla ba, da za ka dafa allo ka ja ƙafafu su shigo ƙarƙashinka a tashi ɗaya. Wannan motsin daga ƙugu yake fitowa. Ina da shekara 35 ban ma san ina yinsa ba. Da na haura 45 sai na fara jin wani ɗan jinkiri, ƙafar gaba ta sauka baya da inda nake so da kamar faɗin tafin hannu, kuma wannan ɗan tazarar ita ce bambancin ka wuce da ka sha ruwa. Slater an yi masa babban aiki a ƙugu a 2023, ga ƙafar da ta karye a 2017. Duk wanda ya san abin, in ya kalli wasanninsa na ƙarshe a ƙananan igiyoyi zai ga haka, idon yana ganin abin da za a yi, jikin yana zuwa a makare kaɗan.

To me ya sa a manyan igiyoyi ba ya nunawa? Saboda a can ruwan ne ke ba ka gudun, ba sai ka nema da ƙafarka ba. Aikinka shi ne ka zauna a daidai wurin, ka san wace ce za ta buɗe wace ce za ta rufe da kai, ka riƙe layinka ka natsu alhali tan-tan na ruwa na faɗowa ta kanka ga dutse a ƙasa. Wannan ilimi ne na shekara 40 a cikin ruwa, ba ya tsufa da wuri. Shi ya sa Malam ya yi daidai da ya raba wuraren gida biyu.

Abu na biyu shi ne warkewa. Yaro ɗan 22 igiya za ta maka shi da ƙasa yau, gobe da asuba yana cikin ruwa yana dariya. Mu kuwa faɗuwa ɗaya sai ka yi mako kana jin ta a haƙarƙari. Ka haɗa wannan da jirgin sama na awa goma sha, canjin lokacin barci, a tashe ka ƙarfe biyar a ce yau za a yi, ka shirya, a ce an fasa sai gobe, haka har kusan kwana goma a kowace gasa. Ni ina ganin wannan ne ma ke cin mutum fiye da abokin karawa.

Sai dai Hajiya ina tare da ke a abu ɗaya. In aka ce min gobe Teahupo'o ta tashi da gaske kuma an gayyace shi, ba zan yi mamaki ba ko kaɗan in ya ci gasar. Cin gasa na 57 yana yiwuwa. Kambu na 12 ne ban gani ba.

Abu_Sumayya ya amsa:

Ni abin da ke min ciwo a maganar nan shi ne na 12 ɗin ya zo hannunsa har sau biyu ya kuɓuce, kuma mutane sun manta. A 2012 gasa uku ya ci, Fiji da Trestles da Faransa, Joel Parkinson bai ci ko ɗaya ba sai ta ƙarshe a Pipeline, amma da yake kullum yana kaiwa nesa a kowace gasa sai makinsa ya fi, ya ɗauke kambun. A 2013 ma uku ya ci har da Pipeline ɗin kanta, amma Mick Fanning ya samu abin da yake nema a ranar ya ɗau na ukunsa. Ka ga tsarin tara makin da ɗan'uwa yake murna an dawo da shi, shi ne dai ya hana shi a waɗannan shekaru biyun, domin tsari ne da ke saka wa wanda ba ya faɗuwa da wuri, ba wanda ya fi kowa haskawa ba. Yana da 40 da 41 a lokacin.

Sannan akwai maganar zuciya. Ni a ganina Andy Irons ne ya ƙara masa shekaru a wasan nan. Irons ya ɗauka 2002, 2003, 2004, kuma na 2003 a gaban idonsa ya ƙwace a wasan ƙarshe a Pipeline. Wannan haushin ne ya haifi kambunan da suka biyo baya. Irons ya rasu a Nuwamban 2010, kwanaki kaɗan bayan nan Slater ya ɗau na 10 a Puerto Rico. Yanzu wa yake jin haushi? Yaran da ke gasa da hotonsa suka tashi a bangon ɗakinsu. Ga kamfanoninsa, ga tafkin da inji ke tada igiya a cikinsa da ya gina a Lemoore ta Kalifoniya ya nuna wa duniya a Disambar 2015, wanda ko a can ma da aka kai gasa Medina ne ya ci a 2018 da 2019, ga iyali. Mutum ba ya tashi ƙarfe biyar na asuba wata tara a jere sai akwai abin da ke cinsa a rai.

Ɗan_Autan_Teku ya amsa:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba bayaninka na ƙugu da tafin hannu ya sa na koma na kalli wasansa da Colapinto a Margaret River, kuma na ga abin da kake nufi, a juyi na biyu kamar allon yana jiransa. Ban ji daɗi ba amma na gani. Yaya Abu_Sumayya ban san labarin 2012 da 2013 ba sam, ashe ni na zo ne bayan an ci kasuwa. Hajiya ni ma dai zan riƙe kashi ɗayan nan tare da ke, ba ya cin komai.

Tunda haka ne, wane wasa nasa za ku ce lallai in nema in kalla?

Baba_Mai_Allo ya amsa:

Nemi na kusa da ƙarshe a Teahupo'o 2014, shi da John John Florence. Ruwan ranar ya kai inda ake so, babba kuma sumul ba iska. Suka tashi 19.77 da 19.77, sai da aka duba wanda ya fi maki a igiya ɗaya, Slater na da 10 cif, shi ya wuce. Yana da 42, John John 21. Ka lura da igiyarsa ta farko, yadda ya faɗo tun daga sama allon kusan ba ya taɓa ruwa, ya kama gefensa ya cusa kai cikin kogon. In ka gama kar ka tsaya nan, ka wuce wasan ƙarshen da Medina, 18.96 da 18.93 aka tashi Medina ya ci, kuma a shekarar ne ya kai wa Burazil kambunta na farko. Ka kalle su a jere, kuma ka sa a babban allo in kana da hali, waya ba ta nuna girman ruwan.